Gurbin da Yakura Ta Bari a Waƙa

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Yakura ta cika ranar Talata da hantsi a ɗakinta da ke Gomari, ƙofa a buɗe kamar yadda ta roƙa. A bakinmu na nan Maiduguri, Yakura ita ce yayar mahaifiya, babbar uwa ke nan. Da wannan sunan zan kira ta har in gama, domin ban taɓa kama sunanta na yanka ba tana da rai, ba kuma yanzu zan fara ba.

Kafin azahar gida ya cika maƙil. Mata suka yi ta shigowa cikin laffaya, ƙamshin turaren wuta na biye da su, kowace ta durƙusa gaban mahaifiyata ta ce mata ya haƙuri. Ni da ke rarraba tabarmi na ga iri-iri. Akwai waɗanda Yakura ta yi wa waƙa ranar aurensu, wasu har da jikokinsu yanzu, su kuka suke yi na gaskiya. Akwai kuma masu cewa Allah ya yafe mata suna danna kalmar yafewar da ƙarfi, don kowa ya gane mawaƙiya ce ta mutu ba malama ba. Wata maƙwabciya da ta yi rawa da waƙoƙin nan har ɗankwalinta ya faɗi a bikin 'yarta, ita ce kan gaba wajen wannan danne-danne. Na dube ta ta dube ni, na ba ta tabarmar da ke cikin rana.

Amma abin da na fi lura da shi, kowa na satar kallon ƙofar gida. Da an ji motsin takalmi sai kawuna su juya, da an ga mai shigowa sai su koma. Can wata tsohuwa ta matso kusa da mahaifiyata ta tambaye ta a hankali ko an gaya wa ta Baga Road. Mahaifiyata ta ce an aika. Tsohuwar ta gyara zama.

Ta Baga Road ɗin nan ita ce Mai Ƙwarya, aminiyar Yakura ta ƙuruciya, wadda ta yi shekaru masu yawa ba ta amsa mata ko sallama. Muna jin liman daga waje yana roƙon duk wanda mamaciya ta ɓata wa ya yafe mata, maza suka ce sun yafe. Mahaifiyata ta sunkuyar da kai ta ce wadda ya kamata ta faɗi haka ba ta zo ba. Aka ɗauki makara, mu mata muka raka ta zuwa bakin ƙofa muka tsaya, kamar yadda aka saba. Har aka sha kwana da ita ina leƙen titi.

Su huɗu ne a farko, 'yan mata daga layi ɗaya a Bolori. Ba su da wani suna, 'yan matan Bolori kawai ake ce musu, har bayan sun yi aure sun haihu. Yakura ce ke ba da waƙa, sauran ukun suna amsawa. Mai Ƙwarya ce ke kiɗa, tana zaune da ƙwarya a kife a gabanta da zobba a yatsu, ita ce kuma ke jan amshi. Mahaifiyata ta ce a zamanin, bikin da ba a kira su ba sai a riƙa tambaya ko lafiya. Suna yi da Hausa, su juya zuwa Kanuri, su ɗan taɓa Larabcin Shuwa idan dangin ango na can ne. Daga baya suka fara shiga situdiyo ana sa musu fiyano, kaset ɗinsu ya shiga motocin haya. Anko ɗaya suke yi, lalle iri ɗaya, kuma a kwano ɗaya suke ci a gidan biki.

Cikin waƙoƙinsu akwai guda ɗaya da ba sa yi a fili. Ita ce ta fitar da amarya daga ɗakin uwarta, lokacin da aka rufe ƙofa, ba namiji ko ɗaya, sai uwa da gwaggonni da amarya a lulluɓe. Mai Ƙwarya ta gaje ta ne daga mahaifiyarta, wadda ta yi mata ita ranar nata auren, ba ta kuma daɗe ba bayan nan ta rasu. Ba kiɗa a cikinta. Mai bayarwa za ta ce, "Ga ƙofa ta buɗe, wa zai raka ta?" Sai 'yan amshi su ce, "Mu ne, mu ne, har bakin ƙofa." Haka ake ta juya ta, murya ƙasa-ƙasa, har amarya ta taka dokin ƙofa. Su huɗun sun yi alkawari a tsakaninsu cewa wannan ba za ta shiga kaset ba.

Ba zan yi wa Yakura kwalliyar da ba tata ba don ta mutu. Tana da son a gan ta. Tana son laffaya mai walƙiya, tana son humrar da za ta shiga ɗaki kafin ita, kuma tana son jin muryarta fiye da yadda take son abinci. Idan aka taru a kanta sai ta ɗaga hannu ta ce a matsa, iska take nema, alhali in aka matsa ɗin sai ta tambaya ina kowa ya tafi. Don haka da wani mai situdiyo ya gaya mata cewa zamanin mutum huɗu ya wuce, na'ura na iya ninka muryarta ta zama ita ce mai bayarwa ita ce 'yan amshi, maganar ta zauna mata. Ya ce mata abin da ake so yanzu shi ne fuska ɗaya a jikin kwalin kaset. Ya tambaye ta ko tana da wata waƙa da duniya ba ta taɓa ji ba. Tana da ita.

Mai Ƙwarya a cikin bas ta fara jin ta. An sa mata ganga da fiyano, an ƙara mata sauri, kwandasta na kaɗa kai yana buga jikin mota. Waƙar da uwarta ta yi mata a ɗaki ke nan, ga wasu samari a kujerar baya suna amsawa suna dariya. Aka ce ba ta jira ta kai inda za ta ba, ta sauka ta tako da ƙafa har Gomari.

Ina gidan ranar, ban daɗe da yin aure ba na zo gaisuwa. Ba ta zauna ba, ba ta karɓi ruwa ba. Yakura ta fito tana dariyar da ba ta kai ciki ba, tana cewa wushe, wushe, lale da babbar baƙuwa. Mai Ƙwarya ta tsaya a tsakar gida, ba ta ɗaga murya ba, ni kuwa na fi son a ce ta yi ihu.

"Kin ce ba kya bukatar amshi," in ji ta. "To ki yi ta bayarwa. Ni dai ba zan ƙara amsa miki ba har ƙasa ta rufe idon ɗayanmu."

Ta juya ta fita. Yakura ta ce fushi ne, kafin Juma'a za ta huce. Ta shiga ɗaki ta ƙara turare a kasko, amma na ga gawayi ya zubo mata a kan leda.

Kaset ɗin ya karɓu, wannan ba ƙarya. Aka fara kiranta Damaturu da Kano, har ƙetaren iyaka. Hotonta ita kaɗai ya hau shagunan masu kaset, ta sayi gidan nan na Gomari da take haya a ciki, ta je Makka. Sauran ukun suka ɗan taɓa biki ba tare da ita ba, abin bai yi armashi ba, suka watse. Mai Ƙwarya ta rataye ƙwaryarta ta kama sana'ar mijinta, ta buɗe rumfar banda a kasuwar kifi ta Baga Road.

Sai dai daga wannan kaset ɗin Yakura ba ta ƙara yarda a ninka muryarta ba. Ta ce da ta saurare shi ita kaɗai, ta ji kanta na tambaya kanta na amsawa, sai tsigar jikinta ta tashi. Mai situdiyo ya kawo mata 'yan mata sababbi, ta kore su, ta ce bakinsu bai san inda ake shiga ba. Abin da ta koma yi shi ne ta ba da baiti, sannan ta yi shiru daidai tsawon amshi, kiɗa na tafiya shi kaɗai, sannan ta ɗora. Duk waƙoƙinta na baya haka suke, da rami a tsakiya. Masu sayarwa suka yi ƙorafi, ta ce wanda ya ga rami ya cike da bakinsa. A gidan biki kuwa haka ake yi, mata su cike mata da guɗa da tafi, har abin ya zama alamarta. Mutane suka ɗauka salo ne.

Kuma duk Sallah, ƙarama da babba, sai ta shirya ta tafi Bolori. Takan sa ni in raka ta, wai ni ce marar kunyar gidan, in an kore mu ba zan ji ciwo ba. Za ta tsaya a ƙofar ɗakin Mai Ƙwarya ta yi sallama. Muna ganin ƙafafun matar ta ƙasan labule, muna jin ƙarar carbinta. Yakura za ta jira daidai irin jiran nan na cikin waƙa, sannan ta ajiye kwalbar humra a dokin ƙofa mu juyo. Yaran gidan su ke amsawa a madadin uwarsu, cikin jin nauyi. Na taɓa cewa a hanya, wace irin musulma ce ba ta amsa sallama. Yakura ta daka mini tsawa ta ce in kama bakina, ban san abin da aka ɗauke wa Mai Ƙwarya ba.

Sannan garin ya canza. Ba sai na ba wa ɗan Maiduguri labarin shekarun nan ba. Aka sa dokar hana fita, biki ya dawo na rana tsaka, a gaggauce, ba lasifika. Masu kaset suka sauke hotuna daga shagunansu. Mu da ke Gomari kusa da filin jirgi, mun koyi bambanta tashin jirgin fasinja da na yaƙi tun daga kan gado. Ɗaya daga cikin 'yan amshin nan ta kwanta ciwo ta rasu. Ɗayar ta hau mota za ta gaishe da 'yarta a wani gari ta wajen tafki, har yau ba a ga motar ba balle ita. Aka bar su biyu, ɗaya ba ta yi wa ɗaya magana.

Na je wani biki da ita a wannan tsakanin wanda ba na mantawa. A tsakar gida ne, an tura ƙyaure. Ta ba da baiti ta yi shirunta, amma ba wadda ta amsa, kowa na tsoron a jiyo daga waje. A cikin shirun nan sai muka ji wani dum daga nesa, irin wanda ake ji a ƙirji kafin kunne. Ta ɗora baiti na biyu ta sake yin shiru. Wannan karon takun mutane muka ji a bayan katanga, suka tsaya, ba su ƙwanƙwasa ba. Wata ta leƙa ta kafar ƙyaure ta ce samari ne ba ta san su ba. Uwar amarya ta kama gefen laffayar Yakura tana roƙonta da ido. Yakura ta ƙarasa baitin da ta fara, a hankali, sannan ta zauna. Bayan kwana kaɗan wani ya tare ɗanta a masallaci ya ce ya gaya wa tsohuwarsa an san gidanta.

Ɗan nata, yayanmu, ya roƙe ta ta bari. Ta bar zuwa manyan bukukuwa, amma ba ta bar waƙa ba. Lokacin da mutanen ƙauyuka suka cika gari, suna kwana a kangaye da makarantu, ana ɗaura aure a cikinsu ba ko tabarmar kirki. Yakura takan ji labari ta ɗauki turarenta da tsohuwar laffaya mai kyau ta tafi. Ta turara amarya, ta lulluɓe ta, ta yi mata waƙar fita daga ɗaki ko da ɗakin buhu ne aka kewaye. Yadda aka gada take yin ta, ba kiɗa, ba namiji. Wasu amaren ba uwa ba gwaggo, duk an baro su a hanya. Idan ta ce wa zai raka ta, sau da yawa ba mai amsawa, don matan wurin ba su san waƙar ba. Sai ta yi shirunta, ta kama hannun yarinyar ta kai ta ƙofa da kanta. Da yawa cikin masu kukan gaskiya ranar rasuwarta waɗannan yaran ne.

Ciwon ajalinta ta maƙogwaro ya fara. Matar da ko a tsakiyar zafin garin nan ba ta shan ruwan sanyi, kullum da butar shayin citta da kanumfari a gefenta, ita ce muryarta ta dushe kamar an shaƙe ta. Aka yi asibiti aka yi na gida. Nan fa masu baki suka samu abin yi, wai bakin Mai Ƙwarya ne ya kama ta. Ni ban yarda da wannan ba, ciwo na Allah ne, kuma na faɗa wa wadda ta kawo mini zancen abin da ba za ta so a maimaita ba. Amma ba zan ɓoye ba, duk lokacin da na tuna tsayuwar matar nan a tsakar gida sai gabana ya faɗi.

A makonninta na ƙarshe magana ta ɗauke gaba ɗaya. Sai ka ga leɓenta na motsi, sannan ya tsaya, ta karkata kai wajen ƙofa tana saurare, sannan ya ci gaba. Yayanmu ya ce salati take yi. Wataƙila da salatin, amma ni na san tsawon wannan shirun. Idan aka sakaya ƙofa saboda ƙarar jirgi sai ta yi ta nuni da hannu har a buɗe.

Na je kasuwar kifi da kaina tun tana da sauran numfashi. Na samu Mai Ƙwarya a rumfarta tsakanin kwalaye, tana ware tarwaɗa manya daga ƙanana, ƙaurin banda ya kama komai nata. Na durƙusa na kira ta Yagana, ƙaramar uwa ke nan a bakinmu, na ce, 'yar'uwarki na jiran ki. Ta amsa gaisuwata, ta tambayi mahaifiyata da yara. Maganar da ta kawo ni kuwa ta bar ta a ƙasa. Ta zaɓi kifi mai kyau ta ƙulle mini a takarda ta ce a yi wa marar lafiya romo. Na so in jefar da shi a kwata, sai dai na kawo, Yakura ta sha cokali biyu tana hawaye.

Ranar sadakar uku, da hantsi, an gama addu'a maza sun fara watsewa, mata na zazzaune ana rabon gumba. Sai hirar tsakar gida ta mutu daga bakin ƙofa zuwa ciki. Na ɗaga kai na gan ta, cikin baƙar laffaya, ta tsufa fiye da yadda na gan ta a kasuwa. Ba ta tsaya wajen mahaifiyata ba. Ta ratsa tabarmi, mata na janye ƙafa, ta miƙe har ƙofar ɗakin Yakura. An kwashe kayan gado, ba komai ciki sai katifa a jingine da kasko.

Ta tsaya a dokin ƙofa ta ce, "Salamu alaikum."

Gidan da ke cike da mata, aka rasa mai amsawa. Ba mugunta ba ce, kowa ya san ba da mu take ba. Ta jira. Jirgi ya taso ya wuce ta kanmu, ƙararsa ta lafa, tana nan tsaye. Ta sake yin sallamar, muryarta ta fi ta farko ƙanƙanta, ta sake jira. Sannan ta dafa bango ta juyo ta dubi mahaifiyata.

"Ashe haka take ji," in ji ta.

Mahaifiyata ta tashi ta kama ta ta zaunar. Ta ce mata, Yaya, liman ya roƙa a yafe mata, ke muke jira. Mai Ƙwarya ta ce ta yafe tun shekarar da aka rasa ta huɗunsu a hanya. Ta ce duk Sallah amsar na zuwa mata har baki, sai ta tuna ta rantse a gaban mutane, ta ce bari sai wata Sallar. Kwalaben humrar duk suna nan a akwatinta, ba ta buɗe ko ɗaya ba. Sannan ta tambaya su wa suka raka Yakura da aka fito da ita. Mahaifiyata ta ce mu duka, har bakin ƙofa.

"Ni ce mai jan wannan amshin," in ji ta. "Ni ya kamata in fara faɗa."

Ba ta yi kuka ba, mu ne muka yi. Na ji sanyi a raina don an yafe wa Yakura, na kuma ji tsoro, don na ga nauyin bai bar gidan ba, wuri kawai ya canza. Mahaifiyata ta ce mata Yakura ba ta taɓa riƙe ta ba. Ta girgiza kai ta ce wannan daga bakinta ya kamata ta ji.

Yanzu garin ya ɗan lafa, biki ya dawo da lasifika. Yara sun kwashe tsofaffin waƙoƙin Yakura sun zuba a waya, ina jin su a keke napep. Ba su san fuskarta ba, ba su san me ya sa waƙar ke tsayawa a tsakiya ba, wani direba ma ya ce mini memorin ne ya lalace. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, don a san ramin nan ba lalacewa ba ce, wurin mutum ne aka bari.

Nakan bi ta Baga Road in gaishe da Mai Ƙwarya, ita kaɗai ta rage cikin huɗun. Ba ta bari in kai ƙarshen sallama, tun ina tsakiya take amsawa, da sauri, har da miƙewa. Haka take yi wa kowa yanzu, har masu dako. Zuwana na ƙarshe ta riƙe hannuna ta ce in zauna ta koya mini amshin yadda uwarta ta koya mata, don ranar da za a fito da ita ba ta san ko akwai wanda ya iya ba. Na ce mata ba a yi wa gawa waƙa, Yagana. Ta ce ta sani, in faɗa a zuciyata ya isa.

Allah ya jiƙan Yakura, ya sa idan ta yi sallama a inda ta je a amsa mata.